Sabulun Salo da Sujada Huɗu

Ni ba mai son tafiya da tsofaffi ba ce, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma shekarar da aka tura mu Japan koyon gyaran shinkafa, sai aka haɗa ni da Hajiya, shugabar matan da ke turara shinkafa a Kafur. Ni malamar gona ce, ofishinmu yana Malumfashi. Mata biyu ne kawai a ayarin, ni da ita, kuma ba ta jin Turanci ko na sayen ruwa. Abin da tafintarmu, wata Bajapaniya mai gilashi, ta faɗa da Turanci, shi nake juya wa Hajiya da Hausa. Abin da ban juya ba kuwa, Hajiya ba ta ji shi ba.

Hajiya ta haura sittin, doguwa ce mai jiki, muryarta tana tsallake katanga biyu. Gwiwoyinta ne suka ƙare. Shekara talatin tana tsugune gaban rabin duro tana iza wuta, har likita a Funtua ya ɗaga hoton ƙashinta ya ce guringuntsin ya cinye, sai haƙuri. Shekara huɗu ke nan tana salla a kan farar kujerar roba. Tun a jirgi ta faɗa mini, ba tare da na tambaya ba.

"Malama, ni ba ciwon ne ya dame ni ba. Goshina nake so ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya kafin a sa ni a cikinta."

Na ce Allah ya sawwaƙe, na mayar da kaina taga.

Da aka gama kwas ɗin, masu masaukinmu suka ce za su kai mu wani tsohon gari a kan duwatsu mu kwana ɗaya mu huta. Lokacin kaka ne, an yanke shinkafa a 'yan gonakin da aka sassaƙa a jikin tudu, ganyen itatuwa ya yi ja. A cikin mota tafinta ta ce ruwan zafi ne yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutsen, kuma tun kakanni masu ciwon gaɓoɓi suke zuwa su jiƙa jikinsu. Wannan kam na fassara shi kaf. Hajiya ta damƙi hannuna har sai da awarwarona ya shige mini fata.

Garin gidajen katako ne baƙaƙe, lunguna matsattsu, tururi yana tashi daga magudanun ruwa a gefen hanya, ko'ina warin ruɓaɓɓen ƙwai. A ƙofar masaukin muka tuɓe takalma. Mai gidan, wata tsohuwa 'yar mitsitsiya mai furfura, ta zube a kan gwiwoyinta, ta dafa ƙasa ta gaishe mu, sannan ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba.

"Ke, dubi matar nan," in ji Hajiya. "Wallahi ta girme ni. Kin ji ko ƙas gwiwarta ta yi?"

Ɗakinmu babu gado, babu kujera. Daɓen gaba ɗaya tabarma ce mai kauri, tana ƙamshin busasshiyar ciyawa, sai wani gajeren tebur da matasai biyu. Hajiya ta dubi kusurwa huɗu, ta ja babban akwatinta ta zauna a kai. A nan ta yi la'asar, tana sunkuyar da kai a iska kamar yadda ta saba.

Bayan la'asar tafinta ta shigo ta yi mana bayanin wanka. Na ji komai sarai. Ta ce ana tuɓe kaya gaba ɗaya a bar su a kwando. A zauna a 'yar kujera gaban famfo a cuɗa jiki da sabulu a ɗauraye tas, sannan a shiga tafkin, wanda na kowa da kowa ne, mata da yawa a lokaci guda. Ba a shiga da sabulu, ba a shiga da ko ƙyalle. Ta maimaita wannan har sau biyu.

Hajiya ta juyo gare ni. "Me ta ce?"

"Ta ce ruwan yana ƙasa, ɓangaren mata mai jan labule. Kuma kada a daɗe a ciki."

"Duk surutun nan?"

"Mutanen nan akwai dogon bayani."

Na san abin da ya sa na yi haka, kuma wanda ya tashi inda na tashi ba sai na yi masa dogon bayani ba. Hajiya sa'ar uwata ce. Da wane baki zan dubi idonta in ce ta tuɓe tsirara ta shiga cikin mutane? Kalmar ta zo mini maƙogwaro ta tsaya. Da na haɗiye ta, sai maganar sabulu ta bi ta. Kuma da Hajiya ta ɗauki zaninta da sosonta ta ce mu je, sai na ce ta fara yin gaba, ni zan zaga in ga gari. Ban taɓa ganin kafaɗar uwata a banɗaki ba, ba zan fara da ta Hajiya ba.

Na yi yawona. Na ga wata gada ta katako, na ga kanti da ake sayar da tsintsiya da ludayi tun zamanin kakan mai shi, na sayi gasasshiyar gujiyar itace mai ɗanɗanon dankalin Hausa. Da na dawo, tun daga matakala na ji ƙamshin da na sani, ƙamshin sabulun salo, ya gauraye da warin ƙwai. An rataye allo a jan labulen. Ma'aikata biyu da dogayen takalman roba suna janye ruwan tafkin.

Na sami Hajiya a ɗaki, zaune a kan akwati, ta zura hijabi har ƙasa. Ta ba ni labari murya ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce ta shiga ta ga 'yan kujerun tsugunno jere, ta wuce su, domin ko ta zauna wa zai tashe ta. Ta ga mata uku a ruwa yadda uwarsu ta haife su, ta yi a'uziyya ta kawar da kai, ta ƙara tamke ɗaurin ƙirjinta, ta lallaba can kusurwa. Ruwa ne mai gudu, yana shigowa ta nan yana fita ta can kamar rafi, saboda haka ta ciro soso da sabulu ta fara abin da ake yi a rafi. Kumfa ya tashi. Matan suka fita ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe har da ɗan rusunawa. Sai ma'aikaciya ta shigo tana gicciye hannuwa, tana nuna mata ƙofa.

"Ko minti uku ban yi ba, Malama. Wallahi har na fara jin ɗumin yana shiga ƙashi." Ta ɗago ta dube ni. "Ƙazanta suka gani a jikina da za su zubar da ruwan nan duka?"

Na ce ba haka ba ne, al'adarsu ce kawai.

Wajen cin abinci Hajiya ba ta sauko ba. An jera mana ƙananan kwanoni sun fi goma, ɗanyen kifi, shinkafa, da awara da ba a soya ba, ba ko yaji. Shugaban ayarinmu, wani Alhaji daga Funtua wanda tun da muka zo yake gyara mana zama, ya riga ya ji labari. Ya ce ai shi ya sa ba a ɗauko mutanen ƙauye a irin wannan tafiya, an ja mana abin kunya a gaban baƙi. Raina ya ɓaci, amma ban iya buɗe baki ba, domin na san mai laifin tana zaune tana tsintar awara da sanduna biyu. Mota za ta tashi ƙarfe tara na safe. Idan Hajiya ba ta koma ruwan nan kafin lokacin ba, ba za ta ƙara ganinsa ba har abada.

Da aka tashi, na tare tafinta a baranda na faɗa mata gaskiya. Na ce Hajiya ba ta karya doka ba, ba a gaya mata dokar ba ne, ni na danne. Ta gyara gilashi ta tambaye ni dalili. Na nemi yadda zan faɗi kunya da Turanci na rasa, sai na ce sa'ar mahaifiyata ce. Na gaya mata zancen gwiwa da kujerar roba da goshi.

Ta kai ni wurin mai gidan. Tsohuwar ta saurara tana gyaɗa kai, da aka zo wajen sabulu ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Sannan ta yi magana a taƙaice. Akwai ƙaramin wurin wanka a bayan gida da ake ba iyali su kaɗai, za ta buɗe mana ƙarfe bakwai na safe. Akwai kuma wata farar riga da suke ba waɗanda aka yi wa tiyata su shiga ruwa da ita. Amma da sharaɗi: in bi ta, in tabbatar an cuɗa an ɗauraye a waje tukuna. Wato abin da na guje wa ɗazu shi ne aka miƙo mini.

Bayan asuba na durƙusa gaban akwatin na faɗa wa Hajiya komai, har da kalmar da ta maƙale mini. Ta daɗe tana kallona.

"Ke da aka ɗauko saboda bakinki?" Ta ja tsaki. "Ai da kin faɗa, da na zage ki, sannan in ji. Tashi ɗauko mini soson."

An ajiye mana kujera mai ɗan tsayi gaban famfon. Na cuɗa mata baya idona a bango, ita kuma tana ba ni umarni kamar tana gaban duro: nan, a'a can, ke ba ki ci abinci ba ne? Na ɗauraye ta har sau uku don kada kumfa ko ɗaya ya rage. Ta zura farar rigar, wadda da ƙyar ta rufe mata gwiwa, na riƙe ta muka sauka matakala biyu cikin ruwan. Tafkin na katako ne, gefe ɗaya a buɗe, ana hango tudu da jan ganye, sanyi a fuska, zafi daga wuya zuwa ƙasa. Muka yi kamar yadda aka ce, a jiƙa kaɗan, a fito a huta, a koma. A shiga ta uku na ga tana janyo ƙafarta ta dama a hankali cikin ruwa, tana naɗe ta tana miƙewa.

Muka koma ɗaki rana ta ɗaga. Na fara haɗa kaya. Sai ta ce in shimfiɗa mata dadduma za ta yi walaha. Na shimfiɗa, na ja akwatin kusa. Ta sa ƙafa ta ture shi, ta ture daddumar ma, ta ce santsi gare ta a kan tabarmar nan.

"Tsaya nan ta damana. In na dafa ki kada ki motsa."

Ta ta da kabbara a tsaye. Ta yi ruku'u. Sannan ta dafa hannuna da dukan nauyinta, ta fara sauka, gwiwa ɗaya, numfashi, gwiwa ta biyu. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Ta sake ni ta dafa ƙasa, goshinta ya sauka a kan tabarmar.

Ta daɗe. Ta daɗe har na sunkuya in ga ko bayanta yana motsi. Yana motsi, kuka take yi. Ni ba mai saurin hawaye ba ce, amma a nan sai da na juya na kalli bango.

Tara saura kaɗan Alhajin Funtua ya ƙwanƙwasa ƙofa, yana cewa mutanen nan ba su san latti ba, kada mu ƙara ja masa magana. Na zuge ƙofar kaɗan na ce, "Alhaji, salla take yi. A jira." Na zuge na rufe kafin ya amsa.

Bayan sujada ta biyu ba ta iya miƙewa ba. Ta yi raka'a ta biyu a zaune a ƙasa, ta ƙara sujada biyu, kowace ta fi ta baya tsawo. Da ta sallame, ni kaɗai na kasa ta da ita. Sai da tafinta da mai gidan suka shigo, mu uku muka ɗaga ta. Tsohuwar ta dubi fuskar Hajiya, ta nuna goshinta da yatsa ta yi murmushi. Saƙar tabarmar ta fito raɗam a fatar, layi-layi. Mun makarar da mota minti goma sha biyu, kuma har muka bar ƙasar Alhaji bai daina ambaton su ba.

Sauƙin bai bi mu gida ba. Kafin mu sauka Abuja gwiwar ta koma yadda take. A Kafur Hajiya ta sa an dafa mata ruwa a rabin duro ta gwada har sau biyu, ba abin da ya canza. Duk ranar da aiki ya kai ni gidanta, farar kujerar tana nan jingine a ƙofar ɗaki, da carbi rataye a hannunta.

Amma abin da na fi tunawa shi ne saukowarmu daga dutsen. Hajiya tana gefen taga, ba ta kalli waje ko sau ɗaya ba. Tana ta shafa goshi da yatsa.

"Malama, yana nan?"

"Yana nan, Hajiya."

Muka wuce gadar katako, muka wuce gonakin. Ta sake tambaya, na duba, na ce yana nan amma ya fara dushewa. Da muka iso babban titi ta juyo mini da fuskarta gaba ɗaya. Fatar ta koma sumul. Na yi niyyar in ce yana nan, sai na tuna inda irin wannan ya kai mu jiya.

"Ya tafi, Hajiya."

Ta gyaɗa kai, ta ja hijabi ta rufe goshin.

"To. Huɗu dai na yi. Ke ce shaidata."