Saƙon da Torika Ta Kawo Suva

"Wai yau jirgin zai juya, ba jibi ba."

"Haba! Ko sauke kaya ba a gama ba."

"To je ka ce wa guguwar ta jira ka. Rediyo ya ce tana nan tafe."

"In ya tafi yau kuwa, sai wata mai kamawa."

Torika na tsaye a rumfar tashar jiragen ruwa ta Suva ta ji wannan hira, gumi na bin gadon bayanta. Ƙarshen Fabrairu ne, zafi ya danne gari kamar jiƙaƙƙen bargo, teku ta yi launin toka. Da safen nan ta sauka daga tsibirin Matuku, a zatonta tana da kwanaki a birni. Ashe ko wuni ba za ta cika ba, jirgin da ya kawo ta yau zai koma.

Ta haura hamsin, saƙar tabarma ce sana'arta. A ƙauyensu da wuya a zaunar da amarya ko a shimfiɗe gawa ba a kan aikin hannunta ba. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse, ta koma gidansu tana jinyar uwarta. Yanzu tsohuwar ta daina cin gwaza, sai ruwan kwakwa a cokali, kuma ba ta da magana sai ta ɗanta Nemani.

Nemani yayan Torika ne, ɗan dako a wannan tasha. Da ubansu ya rasu labari ya iske shi a makare, bai samu jana'iza ba. Wanda hakan ta same shi kuwa ba ya shiga ƙauye da ka, sai ya zo da tabua, haƙorin ƙaton kifin teku, ya durƙusa gaban dattawa ya nemi gafara. Nemani ba shi da tabua. Shekara na bin shekara, kunya na ƙara kauri. Torika ta yi ta saƙa har yatsunta suka tsage, ta ba da tabarmin aka ba ta haƙori ɗaya. Ga shi nan a jakarta, naɗe cikin zane.

Sai dai tun da ta zama budurwa ba ta sake yi wa Nemani magana baki da baki ba. A al'adarsu wa da ƙanwa in sun girma ba sa haɗa ido, ba sa zama tabarma ɗaya, magana sai ta bakin wani. Wanin da ta dogara da shi Eroni ne, taubashinsu, ma'aikaci a jirgin.

"A'a, Torika!" in ji Eroni da ya hango ta. "Shi ya sa jirgi ya karkace gefe ɗaya tun daga Matuku."

"Rufe mana baki, mai ƙafar ƙaguwa. Ina mutumin?"

"Wane mutum? Ba shi da suna?"

"Eroni, ba wasa ya kawo ni ba."

Ya dubi fuskarta, ya haɗiye dariyarsa, ya tafi. Can sai ga shi da Nemani. Da wutsiyar ido ta gan shi: ya rame, furfura ta cinye kansa, kafaɗa ɗaya ta sauka saboda dako. Ya tsaya nesa kaɗan, ya mai da fuska wajen tulin buhunan fulawa.

"Tambaye ta ya hanya," in ji Nemani.

"Ce masa lafiya. Ce masa Inna ta daina ci."

"Ka dai ji," in ji Eroni. "Kunnenka ba a aljihuna yake ba."

Nemani ya daɗe yana murza hularsa. "Ce mata da Kirsimeti zan zo."

"Ce masa bara ma haka ya aiko."

"Ce mata ta san abin da ya hana ni."

Torika ta kai hannu jaka ke nan sai aka kwarara kira daga saman jirgi: "Eroni! Uban wa zai ɗaure gangunan nan?"

"Ku tsaya nan, kada wani ya ciji wani," in ji Eroni, ya ruga.

Suka tsaya, ita tana kallon ruwa, shi yana kallon fulawa. Eroni bai dawo ba. Tana hango shi can sama yana fama da igiya, iska na kaɗa rigarsa. Yayyafi ya sauko, fasinjoji suka fara turereniya a kan tsani da katifu da buhunan sukari. Jirgi ya yi ƙaho.

Kusa da ita wata mai sayar da abarba na rufe kayanta da leda. Torika ta matsa.

"Baiwar Allah, taimaka ki ce wa mutumin can..."

"Ga shi gabanki, kurma ne?" in ji matar, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Nemani ya sa hularsa. Tsayuwarsu su biyu ba na uku ta riga ta wuce ƙa'ida, ta kuwa san shi, zai sulale ne cikin 'yan dako don ya sauƙaƙa mata. Ya ɗaga ƙafa.

Innar nan da ke kwance a ƙauye, ita ce ta taɓa tsinka mata mari don ta kira shi da suna a gaban mutane. Torika ta warware zanen, ta riƙe tabua da hannu biyu, ta zube gwiwa a kan jiƙaƙƙen siminti. Mutane suka fara waiwayowa.

"Yaya."

Ya tsaya cak, bai juyo ba.

"Yaya, da kai nake. Kunyar a kaina, ni zan amsa a gaban dattawa. Inna ba za ta ga wani jirgin ba. Don Allah karɓi wannan, ka wuce gaba mu hau."