Ranar da Na Fizge Ludayi a Hannun Inna

Ko zan manta da komai a duniya, ba na jin zan manta da yayen 'yata ta fari. Yau shekara bakwai ke nan, amma duk sanda na tuna sai in ji kamar in tona ƙasa in shige.

Tun kafin in haihu nake ɗauke da wani tsoro. Ina da wata gwaggo mai albaras, hannuwanta da gefen bakinta sun yi fari fat, kuma tun muna yara abin da ake gaya mana shi ne kifi ta ci ta bi shi da nono. Ba wanda ya taɓa tambayarta ko haka ne. Na dai ga yadda mata suke janye kwanonsu in ta zauna a gidan biki. Ni a aji huɗu na tsaya da boko, amma ina da ido da kunne, duk abin da aka ce ba a haɗa shi a ciki na haddace: kifi da nono, mangwaro da nono, ruwan sanyi a kan gyaɗa mai zafi. Sai wata rana ƙanwar maigidana ta kunna mini wani bayani a waya, wai har masu maganin gargajiya na ƙasar Indiya sun hana haɗa kifi da madara, ɗaya zafi ne ɗaya sanyi, in sun gamu ciki ba ya iya narkar da su, sai su ɓata jini abin ya fito a fata. Na ce to, abin da aka sani a ƙauyenmu aka kuma sani a Indiya ai ya wuce camfi.

Da yarinyar ta kusa shekara biyu aka ce a yaye ta. Mahaifiyata ta rasu, don haka uwar mijina ce ta karɓa, wadda muke kira Inna. Tana zaune a wani ƙauye wajen Kunci, gidan babban ɗanta. Da kanta ta zo a bayan babur, ta goya yarinyar tana tsokanarta, wai ta tsotse mata suruka ta mayar da ita sillen kara, yau sai su je can a yi ta ta ƙare. Maganar kifi tana bakina, amma ina zan iya? 'Yar fari ce. Ko sunanta ba na kamawa, balle in tsaya gaban surukata ina tsara mata abin da za ta ba ta. Na roƙi maigidan ya isar mini, ya yi dariya ya ce matar da ta raini 'ya'ya tara ce zan koya wa raino.

Kwana goma na daure. A kwana na sha ɗaya na ƙulla daddawa a leda na ce zan kai wa Inna, alhali kowa ya san uwa ba ta leƙa ɗa a cikin yaye. Na isa bayan azahar. Niyyata in hango ta daga bakin zaure in juyo. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne kwanon tuwo da ragowar miyar kuka, da ƙayar busasshen kifi an tara a gefen tabarma. Can kuma ga Inna da ƙwaryar fura da nono, yarinyar a cinyarta tana buɗe baki tana dariya. Har ta yi kumatu, wannan na gani sarai, amma a lokacin bai shiga kaina ba. Ga wasu dattijai mata uku suna ɓarar gyaɗa.

Ban san sanda na isa wurin ba. Na fizge ludayin, furar ta zube a zanin Inna. Na kama sunan yarinyar da ƙarfi, na ce, "Inna, kashe mini ita za ki yi? So kike ta zama abar gudu a cikin mutane?"

Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa ce mata "ke" ba, kullum "ku" ne, kuma a durƙushe. Ranar a tsaye na faɗa. Yarinyar tana ganina ta fashe da kuka. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce lallai zamani ya zo, yau ga uwar 'yar fari da baki. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta share furar da gefen zaninta, ta miƙo mini yarinyar.

"Ungo 'yarki. Ni dai da abin da na ciyar da ubanta na ciyar da ita."

Na goya ta na tafi, ko sallama ban yi ba. Kwana biyu tana gudawa, na ce ga shi nan. Bayan sati uku, ana tsakiyar zafin bazara, wasu fararen ɗigo-ɗigo suka fito mata a wuya da baya. A nan na yi abin da ya fi fizge ludayi muni. Duk wadda na haɗu da ita a bakin rijiya sai na ɗage rigar yarinyar na nuna mata, na ce aikin kakarta ne. Maganar ta yi ƙafa, ta je har inda Inna take. Sannan na ɗauke wa yarinyar nono gaba ɗaya, na ɗauke kifi, na ɗauke ƙwai, don ban san wanda zai ƙara tayar da abin ba. Koko da tuwo kawai. Tana ganin mai tallan nono ta fara kuka, ni kuma in ja ta ɗaki.

Wata biyu aka yi a haka. Kumatun suka zube, gashinta ya yi ja ya yi laushi, wasa ma ta daina. Maigidan ya ce ya gaji, ya ɗauke mu zuwa asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ɗan kankari tabon da farce, wani abu kamar dusa ya tashi. Ta ce ƙyasbi ne, gumi da zafi suke kawo shi, ta rubuta man shafawa. Sai ta zagaya wani ɗan tsirin awo a damtsen yarinyar, na ga fuskarta ta canja. Ta tambayi abin da take ci, na lissafa mata, har da alfahari.

"Tabon nan ba zai daɗe ba," in ji ta. "Abin da kika hana ta shi ne zai ba mu aiki."

Na tambaye ta maganar kifi da nono. Ta ce in cikin mutum ba ya son haɗin, ya raba su, ba laifi, amma albaras ba daga kwano yake zuwa ba. A hanyar komawa ina bayan babur ina hawaye, rabi don 'yata, rabi don gwaggona da aka yi shekaru ana ɗora mata laifin ciwonta.

Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi, da nonon da kifin da na hana ta. Muka sayi goro muka je wurin Inna, na durƙusa na kasa ɗaga kai. Ta ce ba komai, ƙuruciya ce, ta yafe duniya da lahira. Kuma na yarda ta yafe, don ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta taɓa canja mini fuska ba. Sai dai daga ranar ba ta sake sa wa yarinyar komai a baki ba. In mun je, yarinyar ta miƙa hannu ga abin da kakarta take ci, sai Inna ta ce a hankali, "Je ki tambayi uwarki tukuna." Ba da gatse take faɗa ba, da gaske take. Yanzu yarinyar shekararta tara, har ta saba, ita da kanta take zuwa ta tambaye ni, a zatonta haka kowace jika take yi da kakarta. Da aka zo yayen ƙaninta, Inna ta ce idonta ya yi rauni, a kai shi wani wurin.

Ba zan yi ƙarya ba, har yau ni kaina ba na bin kifi da nono, tsoron ƙuruciya ba ya fita duka. Amma na gane tsoro ba sani ba ne, kuma wanda ya yafe maka ba lallai ne ya koma yadda yake da ba. Don Allah 'yar'uwa, in kin ga abin da ya tsorata ki a hannun babba, ki ja shi gefe ki tambaya da ladabi, ki je wurin masu sani kafin ki kai magana bakin rijiya. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah Ya nuna mini ranar da Inna za ta ba jikarta abinci ba tare da ta aiko a tambaye ni ba.