Kwana Uku a Tiga da Fartanyar Baba

Na san ba za ku yarda ba, kuma ban ga laifinku ba, don ni ma da wani ne ya ba ni labarin nan cewa zan yi gishirin ya yi yawa. Amma ko da sabulu za a wanke min ƙwaƙwalwa, ba zan manta hutun da na kai mutanen gidanmu Tiga ba.

Babanmu manomi ne a Burumburum, irin wanda ko a mafarki ya ga ciyawa sai ya tashi ya tuge ta. A shekarar bayansa ya riƙe, har sallah a zaune yake yi. Likita ya ce ko dai ya ajiye fartanya ya huta, ko ya ƙarasa damina a kwance. To ga shi ana tsakiyar noma, gonarsa kuma daga zaure ana hango ta. Sai ni, sarkin dabarar gidan, na ce a ɗauke shi daga inda zai ga gona. Yara suna dogon hutu, na kwashi Baba da Inna da maiɗakina da su, na kama mana masauki a bakin dam ɗin Tiga, kwana uku.

Kafin mu shiga mota Inna ta caje jakar Baba tas kamar 'yar kwastan, sannan ta nuna ni da yatsa. "Kai ka kawo shawarar. In ya sunkuya ko sau ɗaya, kai zan kama."

Ranar farko abin sai wanda ya gani. Ruwa iya ganinka, iska mai sanyi, ga soyayyen kifi da yaji har yara suka fara yi masa yanga. Na dasa wa Baba kujera a inuwa. Ya daɗe yana kallon dam ɗin, can ya ce, "Yanzu duk ruwan nan a kwance yake, ba abin da yake yi?"

Na ce, "Hutawa yake, Baba, irin taka."

Ya ce, "Shi ya sa ya yi ƙiba."

Washegari aka idar da sallar asuba, kowa ya dawo, ban da Baba. Inna ta leƙa ɗakinsa ta tarar da tabarmar nan da ya hana kowa ɗauka tun daga gida a warware, da ɓurɓushin ƙasa a ciki. Ashe fartanya ya naɗe! Na bazama bakin ruwa ina tambayar masunta. Wani mai gyaran koma ya ce, "Dattijo mai tafiya a karkace? Ya bi ta gonakin can yana tsaki."

Tun daga nesa na jiyo hayaniya. Ga Baba a tsakiyar masarar mutane, ya nome layi biyu fes, ga mai gonar, wani ma'aikacin gidan ruwa, yana ta kumfar baki. Shi a zatonsa wani ɗan'uwa ne ya sayar da gonar a bayan idonsa, sabon mai ita ya zo kama aiki.

"Baba, wa ya sayar maka? Gonar nan ta gado ce!"

Baba ko ɗagowa bai yi ba. "Kai aka bar wa gadon, ko ciyawa?"

Jama'a suka kwashe da dariya, har shi mai gonar. Na ba da haƙuri, na yi bayani, na ce Baba mu tafi. Ya ce shi tunda yake bai taɓa fara gona ya bar ta a rabi ba. Ina waiwayawa sai ga Inna ta iso, ta riƙe ƙugu, ba Baba take kallo ba, ni take kallo. Ban san sanda na karɓi fartanyar ba.

Mai gona ya shimfiɗa wa Baba tabarma a gindin mangwaro, aka kawo matashi, aka damo fura. Baba ya kishingiɗa ya kama ba da umarni. "Sunkuya sosai! Noma kake ko shara? Waccan masara ce ka sare, ba ciyawa ba!" Ni da aikina a Kafin Maiyaƙi bai wuce manna gilashin waya ba! Kwana biyu ina abu ɗaya. Maiɗakina da yara kuwa suna wucewa a kwale-kwale suna ɗago min hannu, har da ɗaukata hoto.

Amma fa Baba bai ƙara sunkuyawa ba. Ya ci, ya sha, ya yi barcin rana har da minshari, ranar da za mu tafi a tsaye ya yi azahar. A nan na gane manomi ba ya hutawa don an raba shi da gona. Sai ya ga ana aikin yadda yake so hankalinsa ke kwanciya.

A mota na buɗe wa Inna tafin hannuna, duk ya yi bororo, na ce ta dubi yadda aka mayar min da hutu. Ta kalla sau ɗaya ta kau da kai.

"Shekara talatin da biyar kana hutu a gidanmu, aikin kwana biyu ne zai kashe ka?"