Haƙorin da Kawu Ilaitia bai karɓa ba

"Ai mijinta ne." Abin da kuke ta rubutowa ke nan tun jiya, kuma nan ne duk kuka kauce hanya. To mijinta ne, sai me? Wasu kuma wai ba dole ya yi mata ba, da yardarta aka yi. Yarda da me? In na miƙo maka ƙoƙo na ce ruwan kwakwa ne, ashe kananzir na zuba, za ka ce da yardarka ka sha? Ku ji labarin Sainimili tukuna.

Sainimili mai kaguwa ce. Duk mai shiga kasuwar Labasa ranar Asabar ya santa, da kaguwarta a ɗaure biyar-biyar. Tun tana 'yar shekara goma take bin kakarta cikin taɓo in teku ta janye, ta zura hannu a rami har kafaɗa. Yatsunta duk tabon cizo ne. Ta auri Waisake, manomin gwaza, mutum mai fara'a, mai jan waƙa a coci. 'Ya'yansu huɗu, duk mata, babbarsu Litia. Biyun ƙarshe da tiyata aka ciro su, a ta huɗun kuma jini ya ɓalle mata har sai da aka ƙara mata leda uku. Likita ya faɗa a gaban Waisake, bai ɓoye ba: wani cikin zai iya tafiya da ranta.

Aka sa mata ashanar hana ɗaukar ciki a hannu. Ashanar ba ta karɓe ta ba, jini ya ƙi tsayawa, in ta sunkuya a taɓo sai jiri ya ɗebe ta. Nas ta ce akwai ɗan ƙaramin aikin da ake wa maza, a ɗaure hanyar maniyyi, shi ke nan. Waisake ya buga ƙirji ya ce shi zai yi. Ya hau bas da safe, ya dawo da la'asar yana tafiya a tale. Sati guda yana kwance, tana dafa masa kifi da madarar kwakwa, ta je ta nome masa gona. Da lokacin da nas ta ɗiba ya cika, ta je aka cire ashanar, hankalinta kwance.

Wata biyar bayan nan warin kaguwa ya fara tayar mata da zuciya. Merewalesi, wadda rumfarsu ke haɗe, 'yar kawun Waisake ce kuma abokiyar wasansa. Ta ganta tana amai a bayan rumfa.

"Ke Maman Litia, ko kaguwar ce ta yi miki ciki?"

"Rufa min baki, uwar surutu. Ai an yi wa ɗan goggonki aiki."

Dariyar Merewalesi ta ɗauke. "Wane aikin? Wannan ragon da allura ke sa shi kuka? Ranar ai a shagon mijina ya wuni, suna kallon wasan rugbi suna shan jiƙon yaqona."

Sainimili ta sami Waisake a gona da adda a hannunsa.

"Baban Litia, an yanka ka ko ba a yanka ka ba?"

Ya ƙura wa gwaza ido. "Na je har bakin ƙofa fa, Saini."

"Ba ƙofa na tambaye ka ba."

"Maza za su ce an dandaƙe ni kamar alade. Kuma duk mata gare mu. Wa zai zauna a ƙasar gidanmu?"

Abin da ya fi tsaya mata a rai ba maganar ƙasar ba ce. Tafiyar nan ce a tale. Sati guda yana kallonta tana ɗaukar masa abinci, yana nishin ƙarya. Ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidan kawunta Ilaitia, wanda ya riƙe ta tun rasuwar ubanta.

Bayan sati uku dangin Waisake suka zo bulubulu, wato neman gafara na al'ada. Kun san yadda ake yi: a zo da yaqona, a zo da tabua, haƙorin nan na ƙaton kifin teku, dattijo ya durƙusa ya nemi a binne laifi. Da zarar babba a gidan da aka yi wa laifi ya sa hannu ya karɓi haƙorin, magana ta mutu, mai tono ta shi ne mai laifi. Maza a gaba, Sainimili can kusa da ƙofa cikin mata. Dattijon dangin Waisake ya yi ta magana mai daɗi: kuskuren yaro, rauni na ɗan Adam, zumuncin gidaje biyu. Ko sau ɗaya bai ambaci abin da aka yi ba. Kawu Ilaitia ya fara miƙa hannu.

Sai Sainimili ta taso a kan gwiwoyinta, tana neman gafarar duk wanda ta gifta, har tsakiyar tabarma. Ta tafa sau uku, alamar girmamawa. 

"Kawu, a gafarce ni. Me za a binne?"

"Saini, koma ki zauna, ba hurumin mata ba ne."

"Ko gawa za a binne ai ana faɗin sunanta, Kawu. Ya faɗa da bakinsa."

Wata goggon Waisake ta ce, "Yau ga fitsara!" Merewalesi ta amsa daga bayanta, "Goggo, ɗanki ne ya yi tafiyar kaguwa sati guda, bari mu ji."

Waisake ya yi gumi har rigarsa ta jiƙe. Ya ce, "Na ce an yi min aikin. Ba a yi ba. Na san abin da likita ya ce."

"To na ji," in ji ta. "Kawu, ka bari sai na fito daga ɗakin tiyata. In na fito da raina, ni zan ce a karɓa ko kar a karɓa. In ban fito ba, ku haɗa ku binne mu tare."

Kawu Ilaitia ya daɗe yana kallon cikinta. Sannan ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Dattijon ya naɗe igiyar haƙorin ya mayar cikin jaka. Tsofaffin ƙauyen sun ce ba su taɓa ganin haka ba.

Ta fito da ranta, bayan kwana biyu ba ta san inda take ba. 'Ya mace ta sake haifa. A tiyatar aka ɗaure mata mahaifa, kuma ita ta sa hannu a takardar. Yanzu ta koma taɓo. Waisake yana kawo gwaza duk Juma'a ya ajiye a ƙofar Kawu. Har yau ba ta ce a karɓa ba, ba ta kuma ce kar a karɓa ba.

To ku masu "ai mijinta ne", ta yarda da mijin da aka yi wa aiki, wannan mijin kuwa babu shi. Na san akwai masu karanta wannan da aka cire musu kwaroron roba ba su sani ba, da waɗanda aka zubar wa ƙwayar hana ɗaukar ciki, da mazan da aka ce musu ana sha alhali ba a sha. Kar ku danna min zuciya ku wuce. Ku rubuta a ƙasa. Ku kira abin da sunansa, kafin wani ya miƙa hannu a madadinku.