Dattijo Mai Riga Lamba Uku

Safiyar Litinin a shagon kofin Loretta, nan Ohio, kowa na huci. Jiya a wasan ƙwallon Amurka, yaron da ke buga wa ƙungiyarmu ƙwallo da ƙafa ya ɓarar da bugun ƙarshe, ƙwallo ta bi gefen sanda, aka cinye mu.

"Koci ne matsalar," in ji Darnell direban bas.

"Wane koci?" na ce da ƙarfi. "Wancan ragon yaron dai! Aikinsa ɗaya a duniya, bugu. Kakata ma da sandarta sai ta ci!"

Aka kwashe da dariya. Sai idona ya faɗa kan wani dattijo a ƙarshen kanta. Furfura har gira, hannuwa manya masu kaushi, ya rungume kofi da su. Cikin kwat ɗinsa akwai rigar ƙungiyarmu, ta sha guga, lamba uku. Lambar yaron ce. Nan kuwa kowa ya sani, ba mai sayen rigar mai bugu sai danginsa.

Uba ne? Kawu? Ko shi ya riƙa dafe masa ƙwallo da yatsa a bayan gida? Bai ɗago ba. A hankali yake jan zif, lambar na ɓuya, har wuya.

Loretta ta matso da butar kofi. "In ƙara maka, Baba?"

"A'a, 'yata." Ya ture kofinsa gefe. "An yi iska jiya."

Ni kuwa ina filin wasan jiya. Ko tuta ba ta motsa ba.

"Ƙwarai, Baba," na ce. "An yi iska sosai."