Kawu Mai Waiwaye

Duk sa'ad da aka shanya tattasai bisa rairayi, yajin nan ya shige mini hanci, haƙoran ƙanena nake tunawa. Na gaba, guda biyu. Ni na tsince su cikin ƙasa.

Lokacin na bar lakkol, na ajiye boko, ba abin da nake yi sai balo. Filinmu yana bayan wurin shanya, raga kuwa sanduna ne da igiya. Ni ne baya, ƙanena ne gola. Ka san irin wasanmu, babu alƙali, wanda ya faɗi ya tashi. Ni kuma in na ga mutum da balo sai jinina ya hau. In rugo, in kwashe shi da ƙafa biyu, ya yi sama ya dawo. A yi ta ihu, kaina ya kumbura.

Ran nan 'yan unguwar tasha suka zo. Suna da wani dogo mai tabo a goshi. Ƙaraminsu ya ja balo can gefe, na bi shi, na share shi. Ashe ya riga ya tura. Da na juyo, dogon nan ne shi kaɗai da ƙanena. Ƙanena ya faɗa kan balo, dogon kuwa bai janye ƙafa ba. Ƙarar tana kunnena har yau. Aka kaure, dutse, sanda, bulo, kowa da abin da ya samu. An fasa kawunan mutane. Inna ta rantse in aka sake kawo mata ƙanena da jini, ya bar balo har abada. Shi kuwa da balo yake kwana.

Kawu, yayan Inna, yana gidanmu tun da shi da iyalinsa suka tsallako kogi a guje. Ban ruwa yake yi a lambun wani. Ba ya tafiya sai yana waiwaye, har muna kwaikwayonsa a bayan ido.

Da safe ya ja ni lambu, ya tada inji, ya miƙa mini fartanya. Ruwa ya ɓalle nan, na ruga na toshe, ya ɓalle a bayana. Na yi ta gudu cikin taɓo har na kife. Shi yana tsaye, ya ɗan matsa, ya tura ƙasa inda ruwan bai ma iso ba.

"Kai bin ruwa kake, ɗana. Duba inda za shi."

Ya kashe inji, ya zauna.

"Ranar da 'yan bindiga suka shigo garinmu, na ji harbi gabas, na ruga can da adda. Ta baya suka shiga gidana."

Na san babban ɗansa bai tsallako da su ba.

Daga nan na soma. Kafin balo ta zo in waiwaya, in ga wa ke bayana. In tsaya tsakanin mutum da raga, a karkace, gwiwa a lanƙwashe, in ja baya a hankali har ya rasa hanya. Ba daɗi, wallahi. Ba wanda ke yi wa mai tsayuwa ihu.

Da zafi ya shigo 'yan tasha suka dawo. Dabarar nan dai. Ƙaramin ya ja gefe yana mini gwalo.

"Zo mana, mahaukaci! Ko tsoro?"

Saura kaɗan in ruga masa. Na waiwaya. Ga dogon yana sulalewa. Na koma, balo ta taso, na riga shi kai. Ya sakar mini gwiwar hannu a baki, leɓena ya tsage, jini har ƙirji. Na tofar, na koma wurina. Ya sake zuwa, ya tarar da ni. Ya sake, ya tarar da ni. Har aka kira magariba bai taɓa ƙanena ba.

A gida Inna ta ga jini, ta finciko ƙanena, ta buɗe bakinsa, ta duba hannu, ta duba ƙafa. Lafiya lau. Sannan ta juyo ta falla mini mari. Kawu yana alwala, kafaɗarsa tana girgiza don dariya.

Yanzu dako nake a kasuwar tattasai. Kawu ya rasu bai koma gida ba. Yaran filinmu a waya suke kallon masu zamiya, su zo su karya juna. In na ce su duba baya, sai su ce na tsufa. Ƙanena yana nan a raga, in ya yi dariya ga giɓi. Ni kuwa ko buhu na ɗauko sai na waiwaya, kuma na san 'yan kasuwa suna kwaikwayona.