Baturen da ke Kwance a Gonata

A iya zamana a ƙasar Abuja ban taɓa ganin mutum ya sauko daga mota ya tsaya yana kallon gona, abin ya ƙare da alheri ba. Haka aka yi mana da gonar kakana ta wajen Idu. Wasu samari masu hular kwano suka zo, suka gaishe mu har ƙasa, suka sha ruwanmu, yau ɗakin ajiyar kaya ne a wurin. Ta fadama kuwa wani mai yawan fara'a ne ya zo duba hanya. Guda ɗaya ta rage mini, ta doya, can bayan Zuba inda kwalta ba ta kai ba tukuna. Ita nake ci, ita nake fatan bar wa 'ya'yana in gwamnati ta ci gaba da mantawa da ita.

Shi ya sa ranar da ɗan ƙanwata ya kira ni a waya ya ce zai kawo mini baƙuwa, na gyara zama. Yaron nan darakta ne, ko mataimakin darakta, ko mai jiran zama mataimaki, a wata ma'aikata cikin gari. Ni dai Oga Darakta nake ce masa don ya ji daɗi. Yana da kirki, sai dai duk abin da ya kalla fayil yake gani a ciki.

"Kawu, Baturiya ce daga Sikotlan. Kabari take nema."

"Nata?"

"Haba Kawu! Na ƙanen kakanta. An ce a wajenku ya rasu."

"Gado ya bari?"

"Bai bar komai ba. Tarihin danginsu take haɗawa."

Na ce masha Allah, Allah ya kawo ku lafiya. Ina ajiye wayar na ce wa mai ɗakina, an zo.

Na yi boko har aji huɗu, a aji huɗun ma sai da na maimaita don malamai ba su so rabuwa da ni ba. Saboda haka ba a yi mini wayon takarda. Mutum ya hau jirgi ya tsallaka teku don mamacin da bai taɓa gani ba, wanda bai bar masa ko akuya ba? Mu nan in ka tambaye mu kabarin kakanmu da haɓa za mu nuna maka, mu ce wajen can. Da na kai maganar majalisa, maƙwabcina mai sayar da lemo a kasuwar Zuba ya rantse zaiba take nema, wai Turawa ba sa binne mutum sai da kwalbar zaiba a ƙarƙashin kansa. Na ce masa da haka ne da kai ka riga kowa tonowa, tunda har ramin ɓera kake leƙawa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma tawa iyakarta haƙori.

Domin na san inda Baturen yake. A gonata yake kwance. Mahaifina ya gaya mini, shi ma nasa uban ya gaya masa: wani Baturen gona ne da ke yawo ƙauye-ƙauye yana koya wa mutane noman da suka riga suka iya. Zazzaɓi ya kayar da shi a hanya, ya cika a zauren kakana. Lokacin zafi ne, ba halin kai shi ko'ina, aka binne shi a cikin gona. Abokin tafiyarsa ya kafa wani faffaɗan dutse ya karce haruffa a kai. Tun daga nan ba a noma wurin. Ba tsafi ba ne, ba wani abu ba. Mutum ne a ƙasa, ba a sara masa garma a ka.

Na zauna na yi wa abin karatun ta-natsu. In ta gan shi za ta ɗauki hoto. Hoto zai kai ofis. Ofis zai aiko da allo, allo kuma ba ya zama shi kaɗai, sai ya kira katanga. Ƙarshenta a ajiye mai gadi ya riƙa tambayata katin shaida kafin in shiga in ga doyata.

Ranar kasuwa, da gari ya watse, na tura baro zuwa gona. Na yi wa Baturen sallama irin ta ma'aikata, na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, gyaran ofis ake yi." Na girgiza dutsen har ya saki, na kwantar da shi a baro, na cike gurbin na baza busasshiyar ciyawa. A gida na kife shi bayan rumbu. Mai ɗakina ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Malam, yanzu har matattu kake ɓoyewa?"

"Ajiya ce."

"In bayanka ya riƙe kar ka kira ni."

Ya riƙe ɗin, ban kuma kira ta ba, don ina da zuciya.

Na zaci yarinya zan gani mai baƙin gilashi. Sai ga dattijuwa ta sauko daga motar Oga Darakta, gajera, kakkaura, hannuwanta kamar na mai surfe, takalmanta da tsohon taɓo a jiki. Na ce a raina lallai waɗannan sun iya shiri, har kayan aiki aka ba ta. Ta ce, "Sannu Baba," da wata murya kamar mai tauna ƙashi. Muka zauna a inuwa, ta fito da waya tana nuna mini duwatsun kaburburan danginta a ƙasarsu, Oga Darakta yana fassara. Duk manoma ne, masu tumaki da wani hatsi da mu dawakai za mu ba. Ta bi su coci-coci, ƙauye-ƙauye. Wani dutsen ya faɗi sai ta sa an ɗaga, wani gansakuka ta rufe shi sai ta kankare da buroshi. Kowa ta same shi sai mutum ɗaya. Abin da ya rage a bakin tsofaffinsu shi ne ya mutu a inda ake hangen wani ƙaton dutse mai fuskar mutum.

Na ce, "Ai Dutsen Zuma kowa na hangensa. Daga Madalla ana gani, daga Suleja ana gani. Aikin da yawa."

Na kuwa ba su aikin. Na kai su tsohuwar maƙabartar mishan inda ciyawa ta fi ni tsawo. Washegari na kai su wajen wani tsoho da ya girme ni, wanda na tabbata kunnensa ya daɗe da yin ritaya. Suka tambaye shi Bature, ya ba su labarin farashin taki. Ita ba ta gajiya, ba ta ƙorafi, ruwanta a gora, tana bin kowane tudu da ido. Wannan haƙurin ma bai kwanta mini ba. Mai gaskiya yakan ɗan yi fushi.

A mota kuwa Oga Darakta bai rufe baki ba.

"Kawu, ka san in aka samu wurin nan abin tarihi ne? Yawon buɗe ido! A kewaye shi, a yi hanya, a gayyato manya su yanke kyalle."

"A kewaye har ina?"

"Ai sai masana sun auna."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na juya ina kallon taga.

Ranar da za su haƙura, mun dawo ƙofar gida, sai ta ga doya jingine a zaure. Ta ɗaga ɗaya ta jinjina, ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin yadda abin nan yake fitowa a ƙasa ba, ko Baba zai nuna mata gonarsa?

Nan ne ya kamata in ce gonar da nisa, ko akwai macizai. Amma a shekarar doyata ta yi kyan da har masu wucewa suke rage tafiya. Duk manomin da zai ce maka zai iya ɓoye gona irin wannan ga wanda ya roƙa ya gani, ƙarya yake. Na kuma ce a raina, ai dutse yana bayan rumbu, me za ta gani?

Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare. Oga Darakta ya dubi farar shaddarsa, ya dubi taɓo, ya ce yana da kira mai muhimmanci. Muka tafi mu biyu, da Turancina na aji huɗu da hannuwa.

Ta ba ni mamaki. Ta durƙusa ta dumbuzi ƙasa ta murza ta sansana. Ta tambayi me nake shukawa bayan doya, ta tambayi ta ina ruwa yake bi in an yi mamako. 'Yan safiyo masu auna fili ba sa tambayar wannan. Na saki jiki har ina nuna mata yadda ake kafa sanda. Muna cikin haka ta miƙe, ta sa hannu a goshi tana bin kunyoyin da kallo, sai idonta ya tsaya wuri ɗaya.

Kunyoyina a miƙe suke, ko da igiya aka ja sai haka, duk yankin an san ni da wannan. Amma a wuri ɗaya suna karkacewa, na dama su yi dama, na hagu su yi hagu, su bar fili kamar tabarma a tsakiya, sannan su sake haɗuwa. Haka mahaifina ya ja su, haka na tarar, haka hannuna yake yi ba tare da ya shawarce ni ba. Ni da nake ganin abin kullum na daina ganinsa. Na ɗauke dutse na bar wannan.

Ta taka a hankali har bakin filin, ba ta hau ba. Ta ce a gonar mahaifinta ma akwai inda garma take kewayewa.

"Wane ne a nan, Baba?"

"Suri ne."

Ta duba. Babu suri.

"Ya tashi," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya kawai, hawaye yana bin kumatunta ba ta share ba. Na kawar da kai, don ba kyau a ƙura wa babba ido yana kuka. Da na juyo sai na ga waya a hannunta. Ban san lokacin da na cire hulata na kifa a kan wayar ba.

Turancina ya gaza. Na nuna motar can nesa. Na zana katanga da yatsa a iska, na yi kukan katafila da baki, na nuna ƙirjina, na ɗaga yatsa ɗaya. "Wan fam," na ce, wato gona ɗaya ta rage. "Finish."

 Sannan ta yi magana a hankali, tana maimaitawa har na kama. Wai kakannin kakanninta ma an tashe su daga gonakinsu don mai ƙasa yana son wurin kiwo, shi ya sa kaburburansu suka warwatse, shi ya sa ta sha wuyar nemansu. Bature a kore shi daga gona? Ban gaskata duka ba, na dai karɓi rabi. Ta miƙo mini hulata, ta sa wayar a jaka ta ja zif. Ta durƙusa ta cire 'yan ciyayi a gefen filin da hannu, irin cirar wanda ya saba. Ta tambaya ko ba a taɓa sa alama ba. Na ce akwai, tana hutu a gida.

Da muka koma mota Oga Darakta ya sauke gilashi.

"Yaya, an dace? Na hango kun daɗe a tsaye."

Kafin in haɗa tawa ƙaryar ta riga ni. Ta ce doya ta yi kyau ƙwarai, kabari kuwa ta haƙura, wataƙila yana ƙarƙashin wani titi. Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Na ji daɗi, amma na lura da abin: mai iya shirga ta haka da sauƙi, Allah kaɗai ya san nawa ta shirga mini.

A gida, da yaron ya shiga sallar la'asar, na yafuto ta bayan rumbu na birkito dutsen. Haruffan sun cinye, ni ban taɓa iya karanta fiye da uku ba. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki, ta gyaɗa kai. Mai ɗakina tana tsaye tana mana gadi, da ta ji an yi sallama ta yi tari, muka kife shi. Na ba baƙuwar doya biyu manya, na san ba za a bar ta ta hau jirgi da su ba, amma ba a sallamar mutum hannu wofi.

Ta tafi. An yi damina an yi rani, ba allo, ba mai hular kwano. Ban ce na yarda da ita ba, na ce dai har yanzu ba ta yi komai ba.

Wanda nake sa wa ido yanzu na gida ne. Kwanan baya Oga Darakta ya kira, bayan gaisuwa ya ce, "Kawu, wai me kuka tsaya kallo ne a tsakiyar gonar nan rannan?"

"Ƙwaro."

"Ƙwaro ne har da cire hula?"

"Babba ne."

Ya yi dariya, ya ce yana so ya zo ƙarshen wata ya ɗebi doya, ya ɗan zaga gonar ya sha iska. Yaron da tun yana ƙarami ko gyaɗa aka aike shi tsincewa sai ciwon ciki ya kama shi! Na ce masa kar ya wahalar da motarsa, hanya ta lalace, ga macizai sun yi yawa bana. Da sassafe na kai buhun doya tashar Zuba na ba direba, na ce a sauke masa har ƙofar ofis.